Kyamarar da Ta Kori Inna daga Tsakar Gida

Zuwa ga Farfesa, shugabar sashen binciken namun daji na jami'ar da ta kafa kyamarori a unguwarmu ta Hyattsville.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya ke da ɗalibanki. Sunana Bashir, injiniya ne ni, ɗan Katsina. Na kira ofishinku, na aika saƙo, kullum amsar ita ce ana dubawa. Tunda a bainar jama'a abin ya faru, bari in yi maganar a bainar jama'a.

Na farko, yadda kyamararku ta shigo gidana. A bazarar bara ɗalibanki biyu suka ƙwanƙwasa ƙofa, suka ce suna nazarin yanyawa da dilolin da ke shigowa unguwanni, don mutane da dabbobi su zauna lafiya. Akwai wata yanyawa da ke kutsowa ta ƙarƙashin shingen katakon bayan gidana, sai na yarda. Na tambaye su ƙarara ko na'urar tana ɗaukar mutane. Suka ce ramin shinge kawai take kallo, hoton mutum kuwa gogewa ake yi.

Na biyu, wadda kuka ɗauka. Mahaifiyata ce, muna kiranta Inna. Na ɗauko ta daga Katsina bayan ta fita takabar mahaifinmu, saboda tana da ciwon suga kuma babu mai kula da ita a can. Ba ta jin Turanci, ba ta son mota, lifta mai hawa da mutane bene kuwa ko da kuɗi ba ta shiga. Abin da ya zaunar da ita a ƙasar nan shi ne filin bayan gida. Ta shuka yakuwa da rama da kuɓewa, ta mai da shi tsakar gida.

Wataƙila ba ki san mece ce tsakar gida a wurinmu ba. Wuri ne na mata, inda baƙon namiji ba ya leƙawa sai da sallama da izini. Matar da ba ta taka bakin titi sai da mayafi, a nan take ajiye shi ta sha iska. Inna takan fito da safe da ɗaurin ƙirji, kanta babu ɗankwali, tana cire ciyawa. Ni da ta haifa, in na ji motsinta sai na yi gyaran murya kafin in fita.

Na uku, taron da kuka kira a ɗakin karatun unguwa. Ni na gayyato mutanenmu da bakina, har da Malam Issufu, dattijon Nijar da ke ja mana salla, da mijin ƙanwata da ya taso daga garin Wheaton. Jawabinki ya yi daɗi. Kin ba da labarin shekarun da kika yi a yammacin ƙasar nan kina sasanta masu kiwon shanu da wasu kuregu masu haƙe musu filayen kiwo. Kika ce aikin ba ya yiwuwa sai an saurari mutanen wurin, har na gyaɗa kai.

Sai kika haska hoton ƙarshe a bango, ya kai girman ƙofa. Inna ce a duƙe cikin yakuwarta, furfurarta a waje, kafaɗunta a buɗe, yanyawar na zaune a bayanta tana kallonta. Kika ce irin zaman da kuke nema ke nan. Aka yi dariya, aka tafa. Na san babu mugunta a ranki, hoton ya burge ki ne. Amma Malam Issufu ya sunkuyar da kai, surukin Inna ya tashi ya fita, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Kunya da baƙin ciki irin na ranar ban taɓa ji ba.

Magana ba ta kwana a tsakanin mutanenmu. Kafin in san yadda zan faɗa mata, wata ta riga ta buga waya tana yi mata jaje. Inna ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Bashir, ashe har a gidanka ba ni da sutura?" Na cire kyamarar a ranar, tana cikin but ɗin motata. Na nuna mata wurin babu komai, ta ce wanda ya ɓoye ɗaya zai ɓoye biyu.

Tun daga nan ba ta ƙara taka filin ba. Yakuwar ta bushe. Likita ya ce ta riƙa motsa jiki, ga shi daga ɗaki sai falo, sugan kuma ya hau. Yanzu ta kafe sai in mai da ita Katsina, inda babu mai tuna mata allura. Hoton kuwa har yau yana shafinku na intanet.

Ga abin da nake roƙo. Ku sauke hoton, ku goge shi tare da duk wanda kuka ɗauke ta. Ku duba sauran gidajen da kuka sa kyamara, don ba mu kaɗai ke da uwaye a bayan shinge ba. Sannan ki zo da kanki. Kada ki aiko takardar ban haƙuri, Inna ba za ta karanta ba. Ki zo da rana, ke da mace 'yar uwarki, ki yi sallama, ki zauna, ki gaya mata da bakinki cewa babu sauran idon da ke kallonta. Matata za ta yi tafinta. Ni ta daina yarda da maganata a kan wannan, amma mai yiwuwa ta yarda da wadda ta sa aka kafa na'urar.

Yanyawarku tana nan lafiya. Kowace safiya takan shigo ta ramin, ta zagaya, ta kwanta inda kuɓewar take a da. Inna tana kallonta ta bayan labule. Kun samar wa dabbar zaman lafiya a gidana, saura uwata.

Allah ya yi miki jagora, ya sa albarka a bincikenki, ya rufa miki asiri kamar yadda nake nema wa Inna.

Wassalam.

Bashir, ɗan Inna,
Hyattsville.