Koren da Ya Rufe Ƙauyenmu

Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙafar Inna?

Ni dai ina nan a gajiye liƙis. Sati uku ke nan ina fama da taswirar da kwamiti zai duba ya zaɓi ƙauyukan da za a haƙa wa rijiyar burtsatse. Kin sha yi mini tsiya wai aikina zaman kallon kwamfuta ne. To, da manhajar R nake haɗa taswirar, kuma kamar gyaran gado ne. In rubuta layi ɗaya ta shimfiɗa iyakoki, in rubuta wani ta ɗora koguna, wani gonaki, wani ɗigo-ɗigon ƙauyuka. Abin da na rubuta a ƙarshe shi ke hawa sama. Idanuna har yaji suke yi, ga shugabanmu kullum a tsaye a kaina, wai koren gonaki ya yi duhu, a sake. Jiya dai na miƙa na huta.

Ki ce wa Inna in Allah ya yarda ta kusa daina zuwa rafi.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga wasiƙarki cewa ba mu cikin jerin. Na buɗe aikin na bi shi layi-layi. Yaya, laifina ne. Garin canza wa shugaba koren nan, na mayar da layin gonaki ƙarshe, bayan na ƙauyuka. Sai gonakin suka hau kan ɗigo tara suka rufe su ruf, har da namu. Kwamiti suka ga kore shar, ba kowa.

Gyaran bai ci minti ɗaya ba. Na kai wa shugaba, ya ce an riga an sa hannu, sai baɗi. Ko faɗa bai yi mini ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi.

Kin ce Inna ta gama gaya wa maƙwabta 'yarta ce mai sa gari a taswira, yanzu tana tambaya ko na manta da su ne. Ban manta ba. Suna ciki tun farko, ni ce na shimfiɗa abu a kansu. Kada ki faɗa mata, zan zo ranar Asabar in faɗa da bakina. Ki ajiye mini jarkarta, ni zan je rafin.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta