Ƙanin Mahaifina

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da Gwaggonki da ta sauke ki. Tunda kin daina ɗaga wayata, na koma takarda.

Gwaggonki ta ce ofishin jakadancin ƙasar da za ki ya hana ki bizar karatu. Ban gane ba. Jami'ar ta ɗauke ki, takardunki cif, kuma a gidan nan ba wanda ya taɓa kayar da ke a musu. To me kika gaya musu? Hankalina ya ƙi kwanciya. Ina zargin da gangan kika ɓata ganawar don ba kya son tafiyar. In haka ne, ki fito fili ki faɗa mini. Rigar sanyin da na ɗinka miki tana rataye a shago, masu kawo ɗinki sai tayawa suke yi.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

Auta sarauniyar shiru,

Ya gajiyar bin layi? Baba ya hana kowa sakat. Jiya garin tunaninki ya ɗinke wa wani bawan Allah aljihun wando ruf. Ni kuwa na ce akwai wanda ya riƙe miki ƙafa. Mai gyaran wayar nan na bakin titinmu, tun da ya ji an hana ki yake washe baki kamar an yi masa albishir. Ku kuka ƙulla? Gaya mini, ba zan kai gaba ba.

Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki bar mai gyaran waya ya huta, haƙoransa ne ba sa rufuwa.

Ga abin da ya faru. Matar da ke bayan gilashi ta tambaye ni wa zai ɗauki nauyin karatuna. Na ce babana. Ta duba kwamfuta ta ce, "A nan an rubuta mahaifinki ya rasu." Na ce haka ne. Ta ce, "To wane ne wannan?" Na ce babana ne. Sai ta cire tabarau ta dube ni kamar ta kama ni da hannu a jakarta, ta turo mini fasfo ta ƙarƙashin gilashin.

Yaya, ina goye mahaifina ya rasu, Baba ya haɗa ni da ku. Ban taɓa kiransa da wani suna ba. An ba ni wata ranar ganawa, in na sake faɗuwa jami'a za ta ba wani gurbina. An ce in ce "ƙanin mahaifina". Na gwada a gaban madubin Gwaggo, bakina ya ƙi. Ta yaya zan ɗaga wayarsa in ce an hana ni don shi ba ubana ba ne? Kunya nake ji, da baƙin ciki. Don Allah kada ki gaya masa.

Ƙanwarki

Auta,

Ina gaishe ki. Yayarki, da ba a ba ta ajiyar magana, ta karanta mini wasiƙarki tas. Na zarge ki a banza, ki yafe mini.

Matar nan ba ta san wanda ya yi jinyarki lokacin ƙyanda ba, kuma ba aikinta ba ne ta sani. Ba ƙarya za ki yi ba, yayana ne ya haife ki. Ki dube ta ido da ido ki faɗa, kada muryarki ta yi rawa, mutanen nan rawar murya suke farauta. Mai gyaran waya kuwa, har yanzu ban yarda da fara'arsa ba.

Allah ya ba da sa'a.
Ƙanin mahaifinki, don bakinki ya saba

Zuwa ga Babana,

Ina gaisuwa da girmamawa. Na faɗa, an ba ni. Ka sauko da rigar.

Amma kada ka sake rufe wasiƙa da waccan kalmar. Matar gilashi kaɗai na ara wa, kuma a tagarta na baro ta.

'Yarka,
Auta