Burtalin Kwandiko

Kwandiko, Gwaram
Yuli 1993

Yaya Abdulnasir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin jami'a? Mu dai nan hankalinmu a tashe yake.

Ma'aikata sun zo daga Dutse da taswirar da ka zana a bincikenka, wadda ta nuna tsohon burtalin shanu. Sun ce za a sake buɗe shi, duk gonar da ta hau kansa a tashe ta. Tamu na ciki, da na rabin unguwarmu, ga gero ya kai ƙugu.

Kowa ya san Baba ne ya zaga da kai ya nuna maka hanyar. Yanzu ko a masallaci ba mai ba shi hannu. Kwamitin da zai yanke hukunci kan burtalin zai zauna a Birnin Kudu. Don girman Allah ka zo ka ce musu kuskure ka yi.

Ƙanwarka,
Rahamatu

Kano
Agusta 1993

Rahamatu,

Wa'alaikumus salam. Ki gaishe mini da Baba da Inna.

Ban zana taswirar nan don a kori kowa ba. Na rubuta cewa a ba manoma wata ƙasa kafin a taɓa gonakinsu, amma babin nan ba wanda ya karanta. Na yi ta sintiri Dutse, kullum sai a ce in dawo.

In na ce daidai ce, na cire wa Inna abinci daga baki. In na ce kuskure ce, na yi ƙarya, kuma kin tuna kakar bara da shanu suka rasa hanya suka faɗa gonaki, rikici ya ɓarke: Ishiyaku maƙwabcinmu da ɗan Arɗo rana ɗaya muka binne su. Shugaban sashenmu ya ce in na janye, in manta da digirin. Wallahi ba digirin ke damuna ba.

Ki tambayi Baba, me zan ce? Na rasa ta yi.

Yayanki,
Abdulnasir

Kwandiko
Agusta 1993

Yaya,

Salamu alaikum. Na karanta wa Baba. Ya ce, "Shi da ya yi karatun, ni zai tambaya?" Inna kuwa kuka take ta yi. Iyakar amsar ke nan.

Allah ya kawo ka lafiya.
Rahamatu

Kwandiko
Oktoba 1993

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Da ka miƙe a Birnin Kudu ka ce taswirar daidai ce, na ji na tsane ka. Ban tsaya jin sauran ba. Daga baya aka gaya mini ka ƙi zama sai da suka yarda a jira girbi, a kuma ba mu wata ƙasa.

Mun kai geron gida. An kafa turakun iyakar burtalin, kuma shanu sun wuce ba wanda aka taɓa. Ƙasar da aka yi mana alkawari har yau shiru.

Baba ya ce kada ka zo bana, gari bai huce ba. Ya ce shi zai zo Kano ya gan ka.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Rahamatu