Furanni a Ƙarƙashin Fijo

Nguru, ranar Litinin

Zuwa ga Kawu Kalli,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taka, ya mutanen Gashuwa? Takarda na rubuto don na san in waya na kira, "eh? me kika ce?" za mu yi ta yi har kati ya ƙare, tunda guduma ta gama da kunnuwanka. Madu direba zai kawo maka, shi zai dawo mini da amsa.

Kawu, na yi wani abu, ban sani ba ko hankali ne ko hauka. Na sayi mota. Tsohuwar Fijo 504 ce, a Machina na same ta wurin wani mai fataucin awaki. Ya rantse mini cewa wanda ya sayar masa, a hannun Alhaji Abatcha na Nguru ya saya. Motar Baba ke nan fa, Allah ya ji ƙansa! Ina jin sunan ko tayi ban tsaya yi ba.

Wautar da na yi ita ce na gaya wa Iya tun motar ba ta iso ba. Ka san tun da idanunta suka rufe ba ta cika magana ba, abinci ma sai an yi da gaske. Ranar nan kuwa tas ta cinye tuwonta, tana ba ni labarin yadda Baba ke wanke motar da kansa kowace safiya. Yanzu kullum sai ta ce, "Yagana, yaushe za ki kai ni in taɓa ta?"

Da motar ta iso sai na fara shakka. Ta Baba fara ce, wannan shuɗiya. Lamba ta canza. Takardun Baba kuma ruwan da ya ci ɗakinmu ya tafi da su. Ƙanena Mahfuz ya zagaya ta sau biyu ya fashe da dariya, wai Yaya kin sayo kejin awaki. Na ajiye ta a garejin Cletus, na ce wa Iya ana wanke injin.

Ba zan ɗora hannun Iya a kan motar wani in ce mata ta mijinta ce ba. Kai ka zauna a gidanmu lokacin kana koyon gyaran bodi, ka san motar nan ciki da waje. Don Allah yaya ake gane kayan asali a jikin mota? Me zan duba?

Taka,
Yagana

Gashuwa, ranar Laraba

Uwata Yagana,

Wa alaikumussalam. Ƙafa da sauƙi. Sunan mahaifiyata kika ci, amma ita ba ta taɓa sayen tukunya ba ta ƙwanƙwasa ba. Malamar makaranta guda! To, an riga an yi.

Ki saurara. Fenti ba shaida ba ne, kowane wawa na iya shafa shuɗi. Ki buɗe ƙofa, ki ɗaga robar da ke gefe, ki duba launin da ke ƙarƙashinta. Masu fenti malalata ne, ba sa cire roba. Haka cikin but da ƙarƙashin bonet.

Gilasai duka ki duba kusurwarsu ta ƙasa, akwai ɗan tambari. In iri ɗaya ne, tare suka fito daga kamfani. Fitilun gaba ki ƙwanƙwasa da zobe: na asali gilashi ne mai nauyi, na kasuwa kuwa roba ne, ƙarar ma daban. Bamba ta asali sai an sa hannu biyu ake ɗagawa. Tambarin zakin da ke gaba ki leƙa bayansa, in da gam aka manna, ba nasa ba ne. Notuna kuma ki duba kawunansu, wanda sifana ta taɓa ba ya ɓuya.

Sannan ki sami mayen ƙarfe, ko na cikin tsohuwar rediyo ne, ki naɗe shi a ƙyalle ki bi jikin motar. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya saki, foti ne aka cika, ƙullun da muke rufe lotsawa da shi, wato an taɓa bugewa a nan. Gaba da ƙofofi sun ishe ki. Baya ba sai kin wahalar da kanki ba, babu abin gani a can.

Ki gaida Yaya Halimatu. Ki ce mata ina nan tafe.

Kawunki,
Kalli

Nguru, ranar Lahadi

Kawu,

Assalamu alaikum. Iya na amsawa. Ta ce shekara nawa ke nan kana "nan tafe", alhali tsakanin Gashuwa da Nguru ko azahar ba a kaiwa.

Na yi duk abin da ka ce, kuma wallahi gara jiya da yau. Na ɗaga robar ƙofar direba, na ga fari. Na yi tsalle ina hamdala har yaran gareji suka taru. Na ɗaga ta ɗaya ƙofar, kore! Ta baya, ja. Ta huɗun kuwa ni da Cletus mun kasa ba launin suna. Ƙofa huɗu, mota huɗu ke nan? To wacce na saya a ciki?

Gilashin gaba da na baya tambarinsu ɗaya, na gefe kowa da nasa. Fitilar hagu ta ce ƙwal, ta dama ta ce ƙwaf, ni kuma na manta wacce ka ce ita ce ta kirki. Bambar gaba Mahfuz ya ɗaga da hannu ɗaya yana cin rake da ɗayan. Zakin da gam aka manna shi, kuma a karkace. Cikin but fari ne, amma Cletus ya ce fararen Fijo a ƙasar nan sun fi ƙudan kasuwar kifi yawa, don haka farin bai ce komai ba. Ya nuna mini lambar da ke buge a jikin ƙarfe, sai dai ba ni da takardar da zan gwada ta da ita.

Ka ce in bar baya, amma ka san halina. Na bi da mayen ƙarfe, yana kamawa yana kamawa, ina zuwa saman tayar baya ta dama sai ya sulale ya faɗi ƙasa. Na ɗaura zane da kyau na kwanta a kan kwali, na haska da fitilar waya, na goge laka da tsumma. Kawu, furanni na gani! Furanni a cikin madgad, ƙarfen nan da ke rufe taya! Na kira Cletus na ce zo ka duba ko kaina ne ya taɓu. Ya leƙa, ya ce, "Madam, shekara ashirin ina aikin nan, ban taɓa ganin mota mai lambu ba."

Ya ce wani ne ya yi faci da abin da ya samu, ya dafe da ƙusoshi ya rufe da foti, kuma duk wanda ya yi gwani ne, don daga waje ba a ganewa. Mahfuz ya ce Baba da ko ƙura ba ya bari a motarsa, ai ba zai yarda da wannan ƙazanta ba, saboda haka ba tasa ba ce. Ni ma na fara yarda.

Ga abin da na yanke. Cletus ya samo madgad na asali daga wata matacciyar Fijo a Jajimaji. Ranar Asabar zai yanke facin ya yi walda, a fesa fari. In ma ba ta Baba ba ce, aƙalla ta yi kama. Ina jin kunyar kaina, amma ban san abin da zan ce wa Iya ba.

Taka a ruɗe,
Yagana

Gashuwa, ranar Litinin

Yagana,

Wa alaikumussalam. Kada a yanke. Kada Cletus ya ko kusanci wurin da wuta. Wane launi ne furannin? Akwai layi a gefe?

Kalli

Nguru, ranar Talata

Kawu,

Assalamu alaikum. Wannan ce wasiƙar? Madu ya ce har tasha ka biyo shi da sanda kana haki, ka ce ya kawo ta hannu da hannu, na zaci wani abu ne ya faru.

Furannin jajaye ne da koren ganye, da shuɗin layi a gefe ɗaya. To sai me? Kai ka koya mini cewa inda mayen ƙarfe ya saki, nan ne aibi. Kai ka ce babu abin gani a baya. Yanzu kuma bayan ne ba a taɓawa? Na kasa gane komai. Abin da yake na asali bai shaida komai ba, abin da yake na jabu an ce in lallaɓa shi.

Iya ta sake rage cin abinci. Jiya ta ce mini, "Wankin injin nan bai ƙare ba? Ko dai babu motar ne, kike lallashina?" Na shiga ɗaki na yi kuka. Kawu, ba ni da lokacin wasa. In akwai magana ka faɗa, in ba haka ba Asabar tana nan.

Taka,
Yagana

Gashuwa, ranar Laraba

Uwata,

Wa alaikumussalam wa rahmatullah. Sau uku ina fara takardar nan ina yagawa. Motar mahaifinki ce. Ba na tantama ko kaɗan, don ni na sa furannin nan da hannuna.

Shekarar da Alhaji ya tafi Makka, ke kina goye, ya rufe motar da tamfol ya ba Yaya makulli. Ni lokacin samartaka na kaina. Na ɗauki makullin da hantsi, Yaya ta tafi suna, na tuƙo har Gashuwa don wata yarinya ta gan ni a gaban sitiyari. Ta kuwa gan ni, a bakin kogi, lokacin da na yi baya na daki goruba. Masunta suka bar taru suka zo kallo. Madgad ya yage, hannu na shiga.

Na lallaɓa na koma Nguru. Ba ni da falle ko ɗaya na ƙarfe, in na je wurin maigidana a gareji kuma gari ya ji. Ina zazzare ido a tsakar gida sai na ga tiren Yaya a jingine an wanke. Tiren kwalla ne mai furanni, wanda mahaifiyarmu ta ba ta ranar da za a kawo ta Nguru. Ban yi tunani ba, na yanka shi. Kwana uku ina aiki a ƙarƙashin tamfol. Duk rayuwata ban sake yin aikin da ya kai wannan kyau ba, kuma ba wanda zan iya nuna wa.

Yaya ta nemi tiren nan har gidajen maƙwabta. A shekarar mahaifiyarmu ta rasu, shi ne abin da ya rage mata na hannunta. Na ga tana kuka a bakin murhu. Ni kuma, Allah ya yafe mini, ina taya ta nema, har ƙarƙashin gado na leƙa.

Alhaji ya dawo bai gane ba. Daga baya shi ya buɗe mini gareji a nan, yana ta turo mini mutane, yana cewa babu mai hannun Kalli. Kowane yabo sai in ji kamar mari. Abin da ya sa ba na iya zama a gaban Yaya ke nan, ba ƙafa ba ce. Da kika rubuto na so ki gane motar ta ƙofa ko ta gilashi, a rabu lafiya, ban san 'yan awaki sun cinye komai sun bar mini abin kunyata kaɗai ba.

Ki kai ta ta taɓa motar mijinta. Maganar tire kuma na bar miki, in kin ga za ta iya ɗauka ki faɗa, in ba za ta iya ba ki rufa mini asiri.

Kawunki,
Kalli

Nguru, ranar Asabar

Kawu,

Assalamu alaikum. Na hana Cletus. Yau da safe na kawo motar ƙofar gida, shuɗiyarta, da zakinta a karkace. Ban ce wa Iya komai ba game da wasiƙarka.

Na riƙo hannunta zan kai ta ƙofar direba, tunda ita ce fara a ciki. Sai ta fizge. Ta dafa motar tana bi tana bi har baya, ta durƙusa da ƙyar a gefen dama, ta zura hannu ƙarƙashin madgad. Ta daɗe tana shafawa, yatsunta duk laka. Sai ta yi dariya, irin wadda rabon da in ji tun Baba na da rai, hawaye na zuba. Ta ce, "Ita ce. Ga tirena nan."

Kawu, na durƙusa kusa da ita. Na ce Iya kin sani? Ta ce mutumin da ke wanke motarsa da kansa har ƙarƙashi zai kasa gani? Washegarin dawowarsa ya gani. Ya kira ta ya nuna mata, ya ce, "Halimatu, ga tirenki ƙaninki ya sa mini a mota. Kada ki yi masa magana. Yaron da ya iya wannan aikin gareji ya kamata a buɗe masa, ba faɗa ba. Ki bari ya faɗa da bakinsa." Ta ce ta bari, har idonta ya rufe tana bari.

Ta ci tuwo, ta ƙara. Ta ce in rubuta maka haka, kada in canza ko kalma: "Ka ce kana tafe, ka ƙi zuwa. To ni ina tafe. Ranar Juma'a, a motar Alhaji. Ba tire nake so ba, ƙanena nake so."

Mahfuz ne zai tuƙa. Ka sa a share ƙofar gida.

Taka,
Yagana

Gashuwa, ranar Lahadi

Uwata,

Wa alaikumussalam. Na karanta, na sake karantawa, tabarau ya ƙi tsayawa a bushe.

Na share da kaina. Ki zaunar da ita a baya, gefen dama. Ki ce wa Mahfuz ya yi a hankali, in ya zo bakin kogi kada ya yi baya, gorubar tana nan.

Ki ce wa Yaya kada ta riga ni magana. Da bakina zan faɗa.

Kalli