Yatsa Huɗu a Cikin Kalmasa

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi ƙarfin takarda. Ya ƙarfin jiki, ya gwiwar nan da keken ɗinki ya cinye? Ya Inna? Na rubuto ne don kunnenka da waya ba sa ga-maciji, in na ce gabas sai ka ji yamma. Yaya ta karanta maka, kuma don Allah kada ta ƙara gishiri.

Baba, wata uku ke nan da ba ni shugabancin sashenmu na koyar da saƙa da ɗinki da sanin kayan masarufi, har yau ban ɗumama kujerar ba. Ɗalibanmu sun yi kaɗan, ana raɗe-raɗin za a haɗe mu da wani sashe. A taro, Farfesa shugaban tsangayarmu ya ce wai mu 'yan zare da allura me muke tsinana wa jami'a? Ka san 'yarka da zuciya. Na miƙe na ce mu za mu ɗinka rigunan bikin yaye ɗalibai na bana, ɗari huɗu, auduga zalla, cikin mako shida. Sai da na zauna na gane abin da bakina ya ja mini.

Mai kula da ɗakin ɗinkinmu wani dattijon tela ne, ɗalibai na ce masa Malam Inci don tef ɗin awo ba ya barin wuyansa. Ba shi da takardar boko, duk shekara sai shugaban sashe ya sa hannu ake sabunta masa aiki. Da yadi ya iso ya murza shi, ya sansana, ya ce sai an jiƙa an shanya kafin almakashi ya taɓa shi. Asarar mako guda fa! Na nuna masa takardar kamfani mai cewa an riga an wanke yadin. Ya ce, "Ranki ya daɗe, takarda ba ta shiga ruwa, yadi ke shiga. Duk wanda ya tashi a shagon tela ya san wannan." Ni kuwa a gaban ɗalibai na ce nan jami'a ce ba shago ba, a yanka.

Ya ce to. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, don shekara goma sha tara a ginin nan ban taɓa ambaton sana'arka ba. Ban ɓoye ba, Baba, ban dai faɗa ba. A sa mu a addu'a.

'Yarka,
Allura

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Da fatan gwiwa ta yi sauƙi, Inna da Yaya suna lafiya. Ni dai jiki lafiya, hankali ne babu.

Saƙonka ya iso ta bakin Yaya, wai in koma in jiƙa yadin. Ai kafin ya iso alƙalami ya bushe. Mun gama ɗinki ranar Litinin, aka wanke rigunan don fitar da zanen alli da man keke. Da suka bushe na sa wata doguwar ɗaliba ta gwada ɗaya. Innalillahi! Rigar da ya kamata ta sauka ƙasan ƙwauri ta ɗage har gwiwa, hannun ya tsaya a tsakiyar damtse kamar ta aro ta ƙanwarta. Duka ɗari huɗun haka suka tsuke, ga biki saura kwana goma sha biyu.

Kafin azahar Farfesa ya ji. Ya rufe ɗakin ɗinki, ya tura Malam Inci gida, ya ba ni kwana uku in rubuto sunan mai laifi. Har da rage murya yana ba ni shawara: wa ya riƙe almakashi? Tsoho ne, ba takarda, ba wanda zai tambaya. In na ƙi sa hannu a takardar aikinsa magana ta mutu, kujerata tana nan.

Takardar tana kan teburina yanzu. Na ɗora mata littafi, na cire, na sa ta a aljihun tebur, na fito da ita. Na zagaya ginin nan ya fi a ƙirga, har mai shara ta tambaye ni ko wani abu na yar. Sau biyu Malam Inci yana zuwa ƙofar ofishina, sau biyu ina sa sakatariya ta ce ina taro. Na san roƙo ya kawo shi, ni kuma ba zan iya haɗa ido da shi ba. Ta taga na hango shi yana tafiya, tef ɗin na lilo a wuyansa, tafiyarsa sak taka.

Tsoro nake ji, Baba, ga kuma kunya. Kada ka aiko da faɗa, na yi wa kaina.

'Yarka,
Allura

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ka yi haƙuri da rubutun, yatsuna duk a yanke suke.

Ranar Alhamis na sa hannu a takardar aikin Malam Inci, na rubuta cewa ya yi gargaɗi ni na ƙi ji. Farfesa ya karanta ya dube ni kamar na taɓu. Ƙarshen watan nan zan miƙa shugabanci. Abin ya yi mini zafi, ba zan yi maka ƙarya ba.

Na karɓo mabuɗi, na aika aka kira dattijon. Na fara ba shi haƙuri, bai ma tsaya ji ba. Ya jawo riga ɗaya, ya zaro reza daga hularsa, ya farke kalmasar ƙasa. Baba, sai ga yadi yana warwarowa! Yatsa huɗu cif ya naɗe a ciki, hannuwan ma haka. Tun ranar da na hana shi jiƙawa ya ƙara awon a kan kwalin da ɗalibai ke bi su yanka, bai gaya wa kowa ba. Ya ce, "Ai abin da na zo gaya miki ke nan har sau biyu, aka ce kina taro."

Da na buɗe masa ƙofar ofishina, da yau kujerata na nan. Na zauna a kan benci, na rasa dariya zan yi ko kuka. Sai na tuna rigunan makarantar da kake ɗinka mini da ƙatuwar kalmasa, ina kumbura baki wai ka mai da ni buhu, kai kana cewa ba a yanka wa yaro riga daidai da yau.

Ya dubi tarin rigunan ya ce kwana tara ya ishe mu in hannu ya yi yawa. Ya miƙa wa ɗalibai reza ɗaya ɗaya, da ya zo kaina ya tsaya. Ya ce, "Ranki ya daɗe, farka sai da hannu, kada a huda yadi. Kin iya kuwa?"

Na karɓi rezar. A gaban ɗaliban nan dai da na yi masa tsawa, na ce, "Malam, ni 'yar tela ce."

Ya ce, "Na sani. Tun ranar da na ga yadda kike tsinka zare da haƙori."

Mun farke ɗari da sittin, saura ɗari biyu da arba'in. Ka gaida Inna. Yaya, ki karanta masa wurin nan da ƙarfi.

'Yar tela,
Allura