Ni Kaɗai Na Ruga Ɗaki

Alƙahira, 20 ga Oktoba 1992

Zuwa ga Malam Wakili, makarantar lakwal ta Bazaga.

Gaisuwa da girmamawa. Ya iyali? An gama yankan hatsi? Don Allah ka leƙa gidanmu, ka ce wa Inna Barira kada labarin rediyo ya tayar mata da hankali. Lafiyata lau, barci ne kawai bai dawo ba tukuna.

Malam, ka tuna ranar da ka jera tsakuwa bisa faifai ka jijjiga, ka ce haka girgizar ƙasa take idan duwatsun ƙarƙashi suka gogi juna? Dariya muka yi. Ka yafe mini. Na ga gidaje sun zube kamar tsakuwar nan.

Da ƙasa ta motsa, kowa ya yi waje, ni kuwa na ruga ɗaki, kamar yadda muke yi in hadari ya taso. Maƙwabcina ne ya finciko ni. Ka gaya wa yara: ba kowace masifa ke zuwa daga sama ba.

Da, furar gida nake kewa. Yanzu so nake kawai in taka gonar Baba ba takalmi, in ji ƙasa ba ta motsi.

Allah ya ƙara girma.

Ɗalibinka,
Abarshi