Baba Alhaji, Ka Cire Lambar Ƙanena Daga Zauren Hanya

Zuwa ga Baba Alhaji Garba, shugaban zauren labarin hanya na direbobin Gummi, Bukkuyum da Anka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga ubansa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara girma.

Ni ne Murtala, yayan Sanusi direba, mai koyar da kwamfuta a wata makarantar sakandare a nan Gummi. Kai ka san ni tun ina rarrafe, domin da kai da marigayi mahaifinmu kuka fara jan mota. Na faɗi sunana ne saboda sauran jama'ar da za a karanta wa wannan takarda a tasha. Na san ba tarbiyya ba ce ɗa ya yi wa uba magana a bainar jama'a. Na yi maka ita a ɓoye, na sake yi, na turo maka manya, ba abin da ya canza. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Baba.

Kowa ya san alherin da ka yi. Lokacin da hanya ta lalace, kai ka buɗe zauren nan a waya, ka tara direbobi da 'yan kasuwa da masu shanu a ciki. Kowace safiya kana tambayar mutanenka na ƙauyukan bakin hanya, sannan ka saki murya: "Hanya lahiya, ku taso da bismilla." Ba motar da ke barin tasha sai an ji wannan murya. Allah kaɗai ya san rayukan da ta tsirar. Amma ga abin da ya faru, kuma ga abin da ka hana a faɗa.

Na ɗaya: lambar da ka karanta wa baƙo.

Wani ya kira ka da rana, ya gaishe ka da ladabi, ya kira ka da sunan da abokanka kaɗai ke kiran ka. Ya ce za a saka ka cikin taron manya a kan tsaron hanya, an turo maka wasu lambobi shida, ka karanto masa. Ka karanta. Wannan ita ake kira lambar tantancewa. Da ita manhajar da zauren yake ciki ke gane cewa mai layin ne ke shiga, kuma duk wanda ya riƙe ta ya zama kai a idon waya. Ba a fasa wayarka ba, ba a taɓa ta ba ma. Ladabi aka yi maka, ka miƙa makulli da hannunka. Ban zarge ka a kan wannan ba, an yi wa waɗanda suka fi mu boko haka. Abin da nake kuka da shi shi ne abin da ya biyo baya. Ka ga zauren ya rufe a wayarka, ka gane an cuce ka, ka yi shiru don kada a ce tsoho ya yi wauta.

Na biyu: muryar da aka maimaita.

Ranar kasuwar Anka, Sanusi ya yi lodin shinkafa tun da safe yana jira. Sai ga saƙo daga lambarka, da hotonka, da muryarka: hanya lafiya. Muryarka ce, Baba, ba a kwaikwaye ka ba. Tsohon saƙonka ne aka ajiye aka sake sakewa. Na saurare shi daga baya har kunnena ya gaji, a bayan maganarka ana jin ruwan sama yana dukan kwano, alhali an daɗe da yanke gero. A hayaniyar tasha wa zai lura? Kuma tunda ba ka taɓa faɗar rana ko wata a cikin saƙonka ba, na damina ya yi aiki da kaka lafiya lau. Wanda ya ajiye wannan murya kuwa ɗan cikin zaure ne, ko wanda ɗan zaure ya ba shi.

Mutum ɗaya ya yi shakka, Mamman mai a-kori-kura. Ya ga saƙon ya zo da wuri fiye da yadda ka saba, ya ce bari ya kira ka ya ji daga bakinka. Dattawan tasha suka taso masa: "Muryar Alhaji ta, mi kaka nema kuma? Kai ad da hankali, mu ba mu da shi?" Ya mayar da wayarsa aljihu don kunya. A wurinmu tambayar babba ko shi ne ya yi magana rashin kunya ne. Masu cutar mu sun san haka, kuma da shi suka kama mu.

Motoci suka tashi. Bayan Nasarawar Burkullu 'yan bindiga suka tare su. Wasu daga cikin waɗanda aka kora daji sun dawo, Mamman na cikinsu, har yanzu ba ya iya taka ƙafarsa ta hagu. Sun ce an raba su da Sanusi tun a ranar farko. Daga nan ba wanda ya sake ganin sa, ba wanda ya kira mu.

Na uku: alkawarin zauren gidanmu.

Ka zo mana jaje, ka yi kuka tare da Inna, na kuma yarda kukan gaskiya ne. Da za ka tafi ka ja ni gefe a zauren gidanmu, ka miƙo mini wayarka, ka ba ni labarin mai kiran nan duka. Ka ce: "Murtala, gyara min abin ga, ka ruhwa min asiri. In anka ji, girmana ya zube." Na yi maka alkawari, na kuma dawo maka da shafinka. Na sa maka makulli na biyu, wato kalmar sirri da kai kaɗai ka sani, yadda ko an sake karɓar lambobin nan ba za a iya shiga ba. Na nuna maka baƙin lambobin da aka cusa cikin zauren lokacin da yake hannunsu. Na ce a cire su, a cire ta Sanusi, a gaya wa jama'a gaskiya. Ka karɓe wayarka ka ce in bari ƙura ta lafa. Game da Sanusi kuma ka ce ba a share sunan mai rai.

Ƙura ta lafa, Baba, har an fara noman rani a fadama. Abin da ka gaya wa tasha shi ne matsalar sabis ce aka samu a ranar. Sabis bai taɓa ajiye muryar mutum ya sake ta ranar kasuwa ba.

Na huɗu: wanda ke sauraro yanzu.

Na ji kana cewa ai an gaya maka saƙonnin manhajar a kulle suke tafiya, ba mai iya karanta su a hanya. Gaskiya ne. Kullewar tana hana na waje leƙe, amma wanda aka ba tabarma a cikin ɗaki ba ya buƙatar leƙe. Wayar Sanusi tana hannun waɗanda suka ɗauke shi, kuma har yau tana cikin zauren. Duk safiya direbobi suna rubuta lokacin tashinsu, da abin da suka ɗauko, da inda za su tsaya shan mai. Masu shanu suna faɗin ranar da za su dawo daga kasuwa. Duk wannan yana sauka a wayar ƙanena.

Ba zato nake yi ba. In na tura gaisuwa a zauren, manhajar tana nuna mini waɗanda suka buɗe ta, kuma sunan Sanusi ba ya daɗewa bai fito ba. Amma saƙonnin da nake tura masa shi kaɗai, na Inna da na matarsa da muryar 'yarsa, ba a taɓa amsa ko ɗaya ba. Sanusin da na sani ba zai karanta labarin lodin albasa ya bar muryar 'yarsa ba amsa ba.

Za a ce me ya hana ni faɗa a cikin zauren da kaina. Ni malamin makaranta ne, maganata ba ta tsayar da mota a tasha. Taka ce ke tsayarwa. Kuma kai kaɗai ke da ikon shigarwa da cirewa.

Saboda haka ga roƙona.

Ka tsaya a tashar Anka da ta Gummi da ƙafarka, ka faɗa da bakinka cewa an taɓa sace shafinka, ka faɗi yadda aka yi. Dattijo ɗaya da ya ce "ni ma an yaudare ni" ya fi darasina na shekara amfani.

Ka cire duk lambar da ba a samu direba biyu da suka san mai ita ido da ido ba. Ka ƙara amintattu daga Bukkuyum da Gummi cikin masu riƙe da zauren, kada makulli ya sake zama a aljihu ɗaya.

Kowace safiya ka fara da sunan ranar da kwanan wata kafin ka ce hanya lafiya. Ka kuma ba kowa izini, babba da yaro, ya kira ka ya tabbatar, ka tsawata wa duk wanda ya kira hakan raini. A nemi gafarar Mamman.

A daina rubuta lokacin tashi da irin kaya a zaure.

Na ƙarshe shi ne mafi nauyi a bakina. Inna ba ta karatu, amma ta haddace siffar sunan ɗanta a fuskar waya. Kullum bayan sallar walha sai ta aiko a kira ni, in tura gaisuwa a zauren, mu zauna mu jira. Da sunan ya fito sai ta shafa fuska ta ce: "Alhamdu lillahi, ya gani. Shina da rai." Da wannan take iya cin abinci. Ban gaya mata wanda ke gani ba, ban kuma san da wane baki zan gaya mata ba.

Na san abin da zai faru ranar da ka cire lambar. Za ta duba ba ta ga sunan ba, za ta dube ni, kuma ni zan zauna gabanta in amsa. Na ɗauki wannan. Ba zan iya ɗaukar wata uwar a Anka ko Bukkuyum ta zauna irin zaman Inna saboda wayar gidanmu ba. Ka ce ba a share sunan mai rai. In Sanusi na da rai, Allah ya sa haka ne, ranar da ya dawo da hannuna zan kawo maka sabuwar lambarsa.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar faɗar gaskiya, ya tsare girmanka da ita, ya sa ka gama lafiya. Allah ya kuɓutar da duk wanda ke daji, ya tsare matafiya.

Jibi kasuwar Anka ce, Baba. Ka cire lambar kafin a yi lodi.

Wassalam.

Ɗanka,
Murtala, yayan Sanusi,
Gummi.